Yadda Ake Daidaita Sikelin Motoci da Jiragen Sama da 'Yan Sojojin Wasan Yaƙi na Kan Tebur

Tankar farko da na saya don wannan wasa har yau tana cikin kwali. Ba lalacewa ta yi ba. Na harhaɗa ta, na yi mata fenti, na kai ta gefen sojojina, sai ga kwamandan da ya kamata ya shige cikinta yana leƙen samanta kamar mai duba tukunya a kan murhu. Mai shagon intanet ɗin ya rubuta cewa ta dace da sojojin 28mm, ni kuma ban tambayi sikelinta ba. Da na zo na auna sai na tarar ta kusa 1/72. Kuɗin kaya, kuɗin aiko shi daga waje, da jiran makonni, duk sun bi ruwa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne da mutum biyu ko fiye suke jera ƙananan sojoji na roba ko na dalma a kan teburin da aka shirya kamar filin daga, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwaya irin ta ludo don a san ko harbi ya samu. Ya fi ƙarfi a Turai da Amurka, kuma a wajenmu yawancin kayansa sai an yi oda. Shi ya sa kuskuren sikeli ya fi yi mana ciwo: babu shagon da za ka koma ka ce a canja maka.

Tushen matsalar shi ne sojoji da motoci ba yare ɗaya suke yi ba. Masu yin sojoji suna faɗin tsayi da milimita: 6mm, 15mm, 28mm. Masu yin motoci da jirage kuwa kaso suke faɗa: 1/72, wato kowane milimita ɗaya a jikin ƙaramar motar daidai yake da milimita 72 a jikin ta gaske. Aikinka shi ne tafinta tsakanin su biyun.

Misalan da zan riƙa kawowa daga rundunar da nake tarawa suke, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Ita da Runduna ta 82 akwai kakanninmu da yawa a cikinsu, kuma daga wancan yaƙi ne barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya suka samo sunayensu. Ta yi mini daidai a matsayin misali domin motar jif da jirgin Dakota su ne rayuwarta: sojojin da kansu suka sare hanyar jif a cikin dajin, abinci da harsashi kuma daga sama ake jefo musu.

Kayan aiki

- Rula mai layukan milimita, ta ƙarfe ta fi. Ta roba ta 'yan makaranta ma za ta yi, amma ka lura da ratar da ke tsakanin bakinta da sifiri. Wannan 'yar ratar kaɗai ta isa ta ɓata maka lissafi.
- Ma'aunin kauri mai baki biyu irin na masu gyaran inji, in kana da shi. Ba dole ba ne.
- Kalkuletar wayarka.
- Sojoji uku zuwa biyar daga cikin waɗanda za ka yi wasa da su, kowanne kafe a kan faifansa, wato ɗan zagayen da ake manna ƙafafunsa a kai.
- Kwali, almakashi ko reza, salatif da gam.
- Ɗan littafi da biro.
- Don jirage: wayar ƙafar keke, washa na ƙarfe manya, ƙananan maganaɗisu da sufa gulu.

1. Fara da sojan, ba da motar ba

Sojojin su ne suka fi yawa a kan tebur, su ne kuma ka fi ɓata lokaci wajen fentinsu, don haka mota ce za ta bi su. Zaɓi wanda yake tsaye sak. Mai durƙuso, mai gudu a sunkuye, da mai jefa gurneti duk ba su da amfani a nan.

Ka ɗauki awo uku, ka rubuta su. Na farko daga tafin ƙafa zuwa ido. Na biyu daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. Na uku kaurin faifan, har da ƙasa ko ciyawar da ka manna masa. Awon ido shi ne abin dogaro, domin hula tana ɓoye inda kai ya ƙare. Sojojina na Bama malafa suke sawa, kuma in ka auna har ƙololuwar malafar sai ka ƙara wa mutum milimita biyu ko uku da ba nasa ba.

Kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Wani kamfanin zuwa ido yake aunawa, wani zuwa tsakar ka, kuma sojojin sun yi ta girma da shekaru ba tare da an canja musu suna ba. Waɗanda ake kira 25mm a da su ne suka zama 28mm, yanzu kuma da yawa daga cikin masu sunan 28mm in ka ɗora rula 30 ne ko 32. Haka ma 15mm, da yawansu 18 ne.

Bayan tsayi sai jiki. Masu sassaƙa sojojin wasa sukan ƙara wa kai da hannaye da bindiga girma don kada su karye, kuma don fenti ya yi sauƙi. Hanyar ganewa ita ce ka auna bindigar. Lee-Enfield ta sojojin Ingila tsawonta kimanin mita 1.13 ne, wato milimita 20 a sikelin 1/56. In ta sojanka ta kai 23 ko 24, ko kuma ta yi kauri kamar taɓarya, to sojojinka masu jiki ne. Rubuta wannan ma, zai yi maka amfani a mataki na 6.

2. Mayar da milimita zuwa kaso

Idon matsakaicin namiji yana kimanin milimita 1600 daga ƙasa. Raba 1600 da awon idon sojanka. In ka samu 28, amsar 57 ce, wato kusan 1/56. In 32 ne, 1/50. In 22 ne, kusan 1/72. In 18 ne, kusan 1/90. In 10 ne, 1/160.

Gargaɗi ɗaya, domin kusan kowa ya taɓa faɗawa: duk sa'ad da lambar ƙasa ta ƙaru, abin ƙanƙancewa yake yi. 1/72 ta fi 1/48 ƙanƙanta, ba girma ba.

3. San abin da aka saba haɗawa

Lissafinka ba lalle ya faɗa daidai kan sikelin da ake sayarwa ba, sai ka nemi mafi kusa. Ga yadda 'yan wasa suka saba:

- 6mm: 1/285, irin na kamfanin GHQ a Amurka, ko 1/300, irin na kamfanin Heroics & Ros a Ingila.
- 10mm zuwa 12mm: daga 1/160 zuwa 1/144.
- 15mm: 1/100. Shi ne sikelin wasan Flames of War, kuma Zvezda na yin motoci masu sauƙin kuɗi a kansa.
- 20mm: 1/72 ko 1/76. Tsofaffin motocin Airfix da Matchbox 1/76 ne, na Revell da Italeri yawanci 1/72.
- 28mm: 1/56, wanda Warlord Games da Rubicon suke yi, ko 1/48 irin na Tamiya. Akwai kuma motocin ƙarfe na 1/50.
- 54mm: 1/32, ko 1/35 in babu. Wannan girman ya fi dacewa da ado a kan kanta ko ƙaramar arangama, domin tanka uku sun cika tebur.

In ba ka riga ka sayi komai ba, kuma aljihu ba nauyi, shawarata 20mm. Babu sikelin da ya kai 1/72 yawan kaya: sojoji, tankoki, manyan motoci da jirage duk akwai, daga kamfanoni barkatai, kuma ba sai ka yi ta tafinta ba.

4. Nemo girman motar ta gaske, ka raba

Mayar da tsawo da faɗi da tsayin motar zuwa milimita, ka raba kowanne da lambar sikelin. Jif ɗin Willys tsawonta mita 3.36 ne, faɗinta 1.57. A 1/56 za ta zama milimita 60 da 28. A 1/48, 70 da 33. A 1/72, 47 da 22. Tankar Sherman samfurin M4 tana da tsawon mita 5.84, faɗi 2.62, tsayi 2.74. A 1/56 tsawonta milimita 104 ne, tsayinta 49. A 1/48, 122 da 57. A 1/100, 58 da 27.

Ka kula da tsawon tanka, domin iri biyu ake bayarwa, na gangar jiki da kuma wanda ya haɗa da bakin igwa. Tiger ta Jamus gangar jikinta kimanin mita 6.3 ce, amma da igwarta a miƙe gaba ta kai 8.45. In ka ɗauki wannan ka gwada da wancan, sai ka ɗora wa kamfani laifin da ba nasa ba. Ka kuma tabbatar da samfuri: Sherman kaɗai tana da ire-ire da tsawonsu ya bambanta.

5. Yanka ta da kwali kafin ka biya kuɗi

Wannan shi ne matakin da ya fi ceto mini kuɗi, kuma bai wuce aikin minti goma ba. Yanka akwatin kwali mai tsawo da faɗi da tsayin da ka lissafa, ka liƙe shi da salatif. Ba sai ya yi kama da mota ba. In kana wasi-wasi tsakanin sikeli biyu, yi akwati biyu.

Ajiye shi a kan tebur, ka tsayar da sojoji biyar kewaye da shi a kan fayafansu. Duba shi sau biyu. Da farko ka sunkuya idonka ya zo daidai da bakin tebur. Sannan ka miƙe tsaye ka ja baya kamar taku ɗaya, domin daga nan ne za ka riƙa ganinsa duk tsawon wasa. Abin da ya dame ka a sunkuye sau da yawa ba a ganinsa a tsaye, wanda kuwa ya dame ka a tsaye ba zai taɓa daina damunka ba.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai yana bukatar abin kwatance. Ga waɗanda nake amfani da su. Bonet ɗin jif yana wajen ƙugun mutum. Sherman ta ɗan fi tsayin mutum ɗaya da rabi. Tankar Lee, wadda sojojin Ingila suka yi amfani da ita a Bama, ta haura mita 3, don haka in ta yi maka tsayi da yawa ba kuskure ba ne, haka Allah ya yi ta. Duron mai na lita 200 tsayinsa kimanin santimita 88 ne, rabin mutum ke nan. Nemo tsohon hoton yaƙi mai soja tsaye a gefen irin motar, ka gwada da abin da ke gabanka. Mutane da yawa tankar da ke cikin kansu ta fi ta gaske girma, hoto ne ke raba gardama.

6. Zaɓi tsakanin sikeli biyu maƙwabta

A nan ne 'yan wasa suka fi yin musu, musamman masu 28mm. A lissafi 1/56 ce daidai. Amma soja mai jiki, ga katon kai, ga faifai mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashinsa, in ya tsaya kusa da jif ta 1/56 sai ka ga kamar zai iya ɗaukarta a kafaɗa. Milimita 3 ɗin nan a sikelin 1/56 kusan santimita 17 ne, kamar kowane soja yana tsaye a kan bulo. Shi ya sa wasu suke komawa 1/48.

Ita ma 1/48 tana da nata. Ta fi 1/56 da kashi 17 cikin ɗari a tsawo, haka a faɗi, haka a tsayi, kuma in ka haɗa ukun, girman jikinta gaba ɗaya ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ta fi cin wuri, ta fi wuyar ɓuya a bayan gida ko shinge, kuma ba ta shiga tituna da gadojin da aka yi don 1/56. Abokin wasanka zai ji daɗin hakan, kai ba za ka ji ba.

Ga yadda nake yankewa. In sojojin sirara ne, awon ido 27 zuwa 29, 1/56. In masu jiki ne, awon ido 30 zuwa sama, 1/50 ko 1/48. In wasan na tankoki da yawa ne, ƙaramin sikeli. In arangama ce ta mutum goma-goma da mota ɗaya ko biyu, babban ya fi kyau a ido. Sannan ka tambayi waɗanda za ka riƙa wasa da su, domin in kowa 1/56 yake da ita, taka Sherman ɗin ta 1/48 za ta zama giwa a garken shanu.

Doka ɗaya ce ba na karyawa: mota iri ɗaya ba ta zuwa da sikeli biyu a tebur ɗaya. Sherman biyu, ɗaya milimita 104 ɗaya 122, ko yaro ya gani ya san da matsala. Amma jif ta 1/48 da tanka ta 1/56 sukan zauna lafiya, tunda ido bai da abin da zai gwada su da shi, kuma ƙananan motoci su ne suka fi shan wahala a gefen sojoji masu jiki.

Tsakanin 1/72 da 1/76 bambancin bai kai kashi 6 cikin ɗari ba, tsakanin 1/285 da 1/300 kuma kimanin kashi 5 ne. Ana haɗa su, in dai an kiyaye dokar da ke sama. 1/87 kuwa ta yi nisa da 1/72, kada ka gwada.

7. Gyara 'yar tazarar da ta rage

In motar ta ɗan yi ƙasa, yi mata faifai. Yanka katako siriri ko kwali mai tauri daidai kaurin na sojojin, ya ɗan zarce jikinta da milimita biyu ko uku ta kowane gefe, ka manna masa irin ƙasar da ka sa wa sojojin. Wannan kaɗai yana kashe rabin gardamar 1/56 da 1/48. In ba ka son faifai a ƙarƙashin tanka, manna siraran roba a ƙasan sarƙarta inda ba a gani, ko kuma ka rage na sojojin ta hanyar kafa su a kan washa.

Direba da kwamanda su ne suke tona asiri. Motar 1/48 takan zo da nata mutanen, dogaye sirara masu ƙananan kawuna, kuma in suka zauna kusa da sojojinka sai ka ga kamar ba ƙabila ɗaya ba. Cire musu kai ka sa irin na sojojinka, ko ka rufe ƙofar saman tankar ka huta. In kuma soja mai jiki kake so ka cusa a jif ta 1/56, sai ka goge masa cinyoyi da baya, wani lokaci ma ka yanke ƙafafun daga gwiwa. Ba mai leƙa ƙarƙashin sitiyari.

Kayan da ake ɗaura wa mota, jarka da duro da akwatin harsashi, su zama daga sikeli ɗaya a duk rundunar. Jarkar soja ta lita 20 tsayinta santimita 47 ne, wato milimita 8 da ɗan ɗoriya a 1/56, kusan 10 a 1/48. In jarkoki iri ɗaya ne a kan kowace mota, sukan ɗaure motocin su zama kamar 'yan gida ɗaya ko da sikelinsu ya ɗan saɓa.

8. Jiragen sama: dokarsu daban

Tambayar farko: jirgin a ƙasa yake ko a sama?

In a ƙasa yake, a filin jirgi ko ya faɗo a gona, sojoji za su tsaya a gefensa, don haka ya bi sikelinsu kamar mota. Ga 20mm, 1/72. Ga 15mm, 1/100. Ga 28mm kuwa jiragen 1/56 ba su da yawa, sai a yi amfani da 1/48. Duk mai son ya gina filin jirgin Kano na zamanin yaƙin, lokacin da jiragen Hurricane da aka harhaɗa a Takoradi suke yada zango a Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Masar, wannan dokar zai bi.

In a sama yake, sauka mataki ɗaya ko biyu. Dalili na farko girma ne. Jirgi ya fi yadda ake zato faɗi nesa ba kusa ba. Hurricane, ɗan jirgi mai mutum ɗaya, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 12.19 ne, ya ninka tsawon Sherman. A 1/48 milimita 254 ke nan, a 1/72 169, a 1/144 85. Dakota kuwa mita 29 ne da ɗoriya. A 1/48 ya kai santimita 60, rabin faɗin teburin da aka saba wasa a kai mai ƙafa 6 da ƙafa 4. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A 1/72 ma santimita 40 ne. Nawa na 1/144 ne, santimita 20, yana shawagi a kan sojojin 28mm, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi ƙanƙanta.

Dalili na biyu shi ne filin kansa a matse yake. Teburin ƙafa 6 a sikelin 1/56 kimanin mita 102 ne kawai, tsawon filin ƙwallo. A wasan Bolt Action bindigar soja inci 24 take kaiwa, wanda a wannan sikeli mita 34 ne kacal, alhali ta gaske tana kai ɗaruruwan mita. Tunda an riga an tauye nisa, jirgi mai cikakken girma sai ya rufe abin da ake ɗauka a matsayin ƙauye guda. Na uku, jirgin da ke kan sandar da ke riƙe shi a sama ya fi kusa da idonka, sai ya ƙara girma, kuma mun saba ganin jirgi ƙarami a sama. Flames of War ma haka suka yi: motoci 1/100, jiragen yaƙi 1/144.

Abin da nake bi:

- Sojojin 28mm: mai inji ɗaya 1/72, manya 1/144.
- 20mm: 1/72 in tebur da fili, in babu 1/100 ko 1/144.
- 15mm: 1/144.
- 10mm: 1/144 ko 1/200.
- 6mm: sikelin motocin, ko 1/600 ga manyan masu jefa bam.

Jirgi mai saukar ungulu shi ne ya fita zakka. Yana sauka, sojoji suna fita daga cikinsa, yana laɓewa a bayan bishiyoyi, don haka mota ce mai tashi. Ba shi sikelin motocinka, ka bar farfelarsa a sake ba gam, don ka iya cire ta wajen ajiya.

In wasan na jirage ne zalla, babu soja a ƙasa, duk wannan bai shafe ka ba. Wings of Glory na amfani da 1/144 ga jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya da 1/200 ga na Biyu, Blood Red Skies kuma 1/200. Zaɓi ɗaya, ɓangarorin biyu su bi shi.

Sandar jirgi kuwa ga yadda nake yi. Yanka wayar ƙafar keke santimita 15 zuwa 20, yadda za ta haura gini ko bishiyar da ta fi tsayi a teburinka. Lanƙwasa ƙasanta, ka kafa ta a faifan katako mai faɗin aƙalla rabin faɗin fukafukan, ka manna washa biyu ko uku don nauyi. Ɗora jirgin a kan yatsa ka nemo inda yake tsayawa bai rinjaya gaba ko baya ba, a nan za ka manna maganaɗisu, ɗayan kuma a kan wayar. Yi wa fuskokin maganaɗisun alama da biro kafin ka sa gam. Na taɓa manna su a juye, jirgin ya riƙa ture sandarsa. Kuma in jirgin na sama ne, harhaɗa shi da tayoyi a naɗe.

9. In babu abin da kake nema

Motocin wasan yara na kasuwa da na 'yan gwanjo sukan yi rana, amma sai ka auna kowace. Irin su Hot Wheels da Matchbox ana ce musu 1/64, alhali an yi su ne don su cika kwali ɗaya, shi ya sa za ka ga tirela da ƙaramar mota tsawonsu ɗaya. Juya ta ka duba cikinta, wasu kamfanonin suna buga sikelin a nan. In babu, auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, domin wannan awon bamba ba ta shiga cikinsa. Na Peugeot 504 milimita 2740 ne, don haka in ƙaramar ta ba ka 64, sikelinta 1/43. Na jif ɗin Willys 2030 ne: 36 na nufin 1/56, 28 na nufin 1/72. Motocin 1/43 sun yi wa sojojin 28mm girma a lissafi, amma ƙananan motocin farar hula sukan wuce a gefen masu jiki. Manyan motoci a wannan sikeli kam a'a.

Kayan masu wasan jirgin ƙasa ma hanya ce, musamman gidaje, gadoji da motocin farar hula. Su da haruffa suke kiran sikelinsu: OO shi ne 1/76, ya dace da 20mm. HO 1/87 ne, yana tsakanin 15mm da 20mm, gine-ginensa sun fi zama da manyan 15mm. N yana wajen 1/160, na 10mm. O kuwa 1/48 ne a Amurka, 1/43.5 a Ingila, don haka ka duba daga ina kayan suka fito.

Sai bugawa, a takarda ko da firintar 3D. Lissafin ɗaya ne: lambar sikelin da ke hannunka, a raba da lambar wanda kake so, a ninka da 100. Daga 1/72 zuwa 1/56, kashi 129. Daga 1/100 zuwa 1/56, kashi 179. Daga 1/56 zuwa 1/72, kashi 78. In ka rage da yawa bakin igwa da madubi sukan yi sirantar da za su karye, sai ka maye su da waya. In ka ƙara da yawa kuma ƙusoshi da ƙofofi sukan fito manya-manya, domin an riga an kumbura su don ƙaramin sikeli. A takarda, ja layi mai santimita 10 a gefen zanen kafin ka kai shagon kwamfuta, ka gaya wa mai bugawa kada ya bar na'ura ta daidaita hoton da girman shafi. In ya fito, ɗora rula a kan layin tun kana shagon.

10. Rubuta, ka ajiye

A ƙarƙashin kowace mota da kowane jirgi rubuta sikeli da sunan kamfani da alƙalamin maka. A littafinka kuma buɗe shafi ga kowace runduna: awon ido, kaurin faifai, sikelin motoci, sikelin jirage. Ɗauki soja ɗaya da ba ka yi wa fenti ba ka sa shi a kwalin ashana, duk sa'ad da za ka shiga kasuwa ka tafi da shi da 'yar rula a aljihu. In oda za ka yi daga waje kuma ba a rubuta kaso ba, sai dai "ya dace da 28mm", nemi mai kayan ya turo maka tsawon motar da milimita, ko hotonta a gefen rula, kafin ka tura kuɗi.